Ma'auni Kafin Hadda: Kira Ga Malaman Kemistiri

Daga cikin mas'alolin da ɗaliban ilmin kemistiri, watau ilmin sanin sinadarai da yadda suke haɗuwa, suke yawan karo da su a jarrabawar fita sakandare, ko ta WAEC ko ta NECO, har ma da ta JAMB, akwai wata wadda malamai da yawa suka ɗauke ta abu mai araha, domin a ganinsu duk yaron da ya haddace matakai uku zai warware ta ko da bai san abin da hannunsa yake rubutawa ba. Surar mas'alar ita ce a kawo wani abu, a ce a cikin kowane kashi ɗari na nauyinsa kashi kaza kabon ne, kaza haidurojin, kaza oksijin, sa'an nan a nemi ɗalibi ya fitar da fomularsa. Abin da aka saba cusa wa yaro shi ne ya raba kowane adadi da nauyin zarrarsa, ya sake raba abin da ya fito da mafi ƙanƙanta a cikinsu, ya rubuta amsa. Yaro ya haddace, ya ci jarrabawa, kafin sakamako ya fito ya mance. Ni kuwa ra'ayina, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, wannan darasi yana daga cikin waɗanda suka fi cancantar a tsaya a kansu a dukkan manhajar kimiyya, domin a nan ne ɗalibi yake fara ganin yadda ɗan Adam, da ma'auni da hisabi, ya ƙidaya abin da idonsa bai taɓa gani ba. Kuma mayar da shi hadda tauye haƙƙin yaro ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Bari mu fara da ainihin mas'alar, don mai karatu wanda bai zauna ajin kimiyya ba ya bi mu. Masana sun tabbatar cewa kowane abu da muke gani an gina shi da ƙwayoyin zarra, kuma kowane jinsi na zarra yana da nauyinsa: idan aka ɗauki zarrar haidurojin a matsayin 1, to ta kabon 12 ce, ta naitirojin 14, ta oksijin 16. Waɗannan ƙwayoyi sukan ƙulla da juna su zama dunƙule guda, wanda ake kira molekul, kuma fomula ba kome ba ce illa taƙaitaccen bayanin ƙwayoyin da ke cikin abu da yawansu. Ma'auni kuwa nauyi yake ba mu, ba ya ba mu adadi, kuma da yake ƙwayoyin ba nauyinsu ɗaya ba, tilas ne a bi ta hisabi a juya nauyi ya koma ƙidaya. A ɗauki giram 100 na gulukos, sukarin da ke cikin zuma da dabino da jinin mutum. Awo ya nuna giram 40 kabon ne, giram 6.7 haidurojin, giram 53.3 oksijin. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma da ido kawai zai ce oksijin ta fi yawa, haidurojin kuwa 'yar kaɗan ce, alhali kuwa haidurojin ce ta fi kowa yawan ƙwayoyi, rashin nauyi ne ya ɓoye ta. Idan aka raba 40 da 12 za a sami 3.33, aka raba 6.7 da 1 a sami 6.7, aka raba 53.3 da 16 a sami 3.33, watau kowace zarrar kabon tana tafiya da biyu na haidurojin da ɗaya ta oksijin. Wannan shi ne CH₂O, fomular nisba, wadda take faɗin rabon ƙwayoyi a mafi ƙanƙantar adadi.

To, a nan ne fa inda hadda take cutar da ɗalibi, domin yana fita aji da zaton cewa ya san abin, alhali nisba kawai ya sani. Malamanmu na fara'ili sun daɗe da sanin wannan bambanci. Idan mutum ya rasu ya bar ɗa namiji da 'ya mace kaɗai, malami zai ce asalin mas'ala 3 ne, namiji yana da 2, mace tana da 1, kuma wannan hukunci daidai ne ba shakka. Amma ba wanda zai iya faɗin abin da zai shiga hannun kowannensu sai an ƙidaya taraka, domin rabon 2 da 1 yana nan ko shanu 3 mamacin ya bari, ko 30, ko 300. Haka al'amarin yake a kemistiri. Nauyin CH₂O 30 ne, 12 da 2 da 16. Idan aka auna nauyin molekul aka same shi 30 cif, to abin fomaldihaid ne, guba mai tsananin ƙarfi wadda ake narkawa a ruwa a yi fomalin na adana gawa a makarantun likitanci. Idan 60 ne, an ninka sau biyu ke nan, C₂H₄O₂, kuma wannan ita ce fomular sinadarin da ke sa tsami a ruwan khal. Idan 90 ne, C₃H₆O₃, fomular abin da ke tsamar da nono ya zama kindirmo. Idan kuwa 180 ne, an ninka sau shida, C₆H₁₂O₆, sai mu dawo kan gulukos. Dukkan waɗannan huɗu, idan aka kai su ɗakin awo, alƙaluma iri ɗaya za su bayar, 40 da 6.7 da 53.3, amma ɗaya yana kashewa, ɗaya kuma shi ne abincin ƙwaƙwalwa. Fomular molekul, wadda take faɗin ainihin adadin ƙwayoyi, ba ta samuwa sai an haɗa hujja biyu, nisba da nauyin dunƙulen. Ko nauyin shi kaɗai bai wadatar ba, domin takin yuriya da sinadarin khal dukansu nauyinsu 60 ne, kuma ba su da wata dangantaka.

Akwai kuma wani wuri da yara suke zamewa kowace shekara, kuma laifin na hadda ne. Jar ƙasar da ake fitar da baƙin ƙarfe daga cikinta, irin wadda ake samu a Itakpe ta jihar Kogi, idan ta zama tsantsa, kusan kashi 70 cikin ɗari ƙarfe ne, 30 oksijin. Nauyin zarrar ƙarfe 56 ne, saboda haka hisabi yana ba da 1.25 da 1.875, watau 1 da 1.5. Yaron da aka koya masa cewa amsa tilas ta zama cikakken adadi sai ya cika ɗaya da rabi ya koma 2, ya rubuta abin da ba shi ke nan ba. Mai fara'ili ba zai yi wannan kuskure ba, domin ya san inkisari: idan mamaci ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu, asali 8 ne, matar ta ɗauki tumuninta 1, sauran 7 ba su rabuwa tsakanin biyu, kuma ba a cike wa wani ko a rage wa wani, sai a ninka mas'alar duka ta koma 16, mata 2, kowane ɗa 7. Haka nan ake ninka 1 da 1.5 su koma 2 da 3, a sami Fe₂O₃. Yaron da ya yi karatun Risala ko Iziyya a zaure, ko ya taɓa zama inda ake rabon gado, yana da wannan fahimta a kansa tun kafin ya shiga aji, kuma abin takaici ne a ce malamin kimiyya bai taɓa tunanin ya gina a kanta ba.

Wanda ya san irin wahalar da magabatan wannan fanni suka sha kafin su kai ga waɗannan 'yan alƙaluma ba zai yarda a wulaƙanta su ba. Girmama ma'auni tsohon abu ne. Malaman Musulunci irin su Albiruni sun auna nauyin ƙarafa da duwatsu masu daraja da tahƙiƙi mai ban mamaki, Alkhazini kuma ya wallafa Mizanul Hikma a Marwa wajen shekarar 1121, inda ya bayyana ma'aunin da ke tona zinariyar da aka yi wa gauraye. Amma adalci ya wajabta a faɗa cewa ƙidayar zarra ta hanyar awo a Turai aka kai gare ta, kuma ba a dare ɗaya ba. Lavoisier na Faransa, a littafinsa na 1789, ya kafa ƙa'idar cewa idan abubuwa suka haɗu ko suka ƙone, jimlar nauyi ba ta raguwa kuma ba ta ƙaruwa. Proust, shi ma Bafaranshe, ya nuna a ƙarshen wancan ƙarni cewa kowane tsantsar sinadari rabon abubuwan da ke cikinsa ɗaya ne, ko daga ƙasa aka haƙo shi ko a ɗakin gwaji aka haɗa shi. Sai Dalton na Ingila, malamin makaranta a Manchesta, ya zo a 1808 ya ce dalilin wannan ƙa'ida shi ne ƙwayoyin zarra, kowace da nauyinta.

Amma Dalton, duk da girman basirarsa, ya ɗauka cewa ruwa zarra ɗaya ce ta haidurojin da ɗaya ta oksijin, domin ba shi da hanyar sanin adadi, sai ya zaɓi mafi sauƙin zato, kuma wannan zato ya sa nauyin da ya ba oksijin bai wuce kusan rabin na gaskiya ba. A 1811 Avogadro na Italiya ya kawo mabuɗin, inda ya ce idan aka cika mazubi biyu masu girma ɗaya da iska iri biyu, a zafi ɗaya da matsi ɗaya, to adadin molekul da ke cikinsu ɗaya ne. Ma'ana, duk wanda ya auna tururin abu ya gwada shi da haidurojin ya sami nauyin molekul ɗinsa. Kusan shekara hamsin aka yi ba a ba maganarsa haƙƙinta ba, har ya rasu a 1856, kuma a tsawon wannan lokaci ruɗani ya kai matsayin da Kekulé, a littafinsa na 1861, ya jera fomula 19 dabam-dabam da masana suke rubutawa ga sinadarin khal shi kaɗai. Sai da aka tara masana kimanin 140 a birnin Karlsruhe na Jamus a watan Satumba na 1860, Cannizzaro ya tashi ya farfaɗo da hujjar Avogadro, aka rarraba ɗan littafinsa ga mahalarta, sa'an nan hankula suka fara natsuwa. Daga cikin waɗanda suka halarci taron akwai wani saurayi ɗan Rasha, Mendeleev, wanda bayan shekara tara, a 1869, ya jera sinadarai bisa nauyinsu ya fitar da jadawalin da ke rataye a bangon ajujuwanmu yau. Abin da ya gagari manyan masana rabin ƙarni shi ne muke so yaro ɗan shekara goma sha biyar ya haɗiye a darasi guda ba tare da dalili ba.

Akwai tambayar da ya kamata kowane ɗalibi mai hankali ya yi, kuma kowane malami ya yi murna da jin ta, ita ce daga ina aka samo waɗannan kashi-kashi da ake bayarwa a farkon mas'ala. Ba wahayi ne ya kawo su ba, wani ne ya zauna ya auna. A 1831 Liebig, a jami'ar Giessen ta Jamus, ya kyautata hanyar da aka daɗe ana bi a bayansa: a auna ɗan abin da ake bincike, a ƙone shi ƙurmus a cikin bututun gilashi, kabon ɗinsa ya fita a matsayin iskar kabon, haidurojin ɗinsa ya fita a matsayin tururin ruwa, a tare ruwan da wani gishiri mai tsotse danshi, a tare iskar a cikin wani ƙaramin gilashi mai ƙwallaye biyar da aka zuba wa ruwan toka mai ƙarfi, sa'an nan a auna kowanne kafin ƙuna da bayanta. Da yake an san cewa a cikin kowane giram 44 na iskar kabon akwai giram 12 na kabon, a cikin kowane giram 18 na ruwa kuma akwai giram 2 na haidurojin, sai hisabi ya fitar da sauran, abin da ya rage na nauyi a jingina shi ga oksijin. Yau na'urori suna yin wannan aiki cikin mintuna, da abin da bai kai ƙwayar gero nauyi ba, amma dalilin bai canja ba, kuma yaron da ya ji wannan labari ba zai ƙara ɗaukar alƙaluman littafi tamkar abin da ya faɗo daga sama ba.

Cikar ilmi kuma ita ce a san iyakarsa. Ko an sami fomular molekul daidai, ba a gama sanin abu ba, domin ƙwayoyi iri ɗaya, adadi ɗaya, suna iya ƙulluwa ta fuskoki dabam-dabam. Zuma kanta tana ɗauke da sukari iri biyu, gulukos da furuktos, dukansu C₆H₁₂O₆. A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Landan, Perkin, ya dubi fomular kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake tatsa daga ɓawon itace a wancan zamani, ya ga C₂₀H₂₄N₂O₂, ya yi ƙiyasin cewa idan ya haɗa molekul biyu na wani sinadari mai kabon goma-goma ya ƙara oksijin, lissafi zai cika, kwinin ya fito. Lissafi ya cika a takarda, kwinin bai fito ba, domin tsarin ƙullin ya fi ƙarfin saninsa da na malamansa, kuma sai a 1944 aka bayyana hanyar haɗa shi a Amurka. Allah cikin hikimarsa Ya sa daga cikin waɗannan gwaje-gwaje Perkin ya tsinci rini mai launin shuni-shuni wanda ya buɗe ƙofar masana'antar rini ta zamani.

Mai yiwuwa wani ya ce, duk wannan ina ruwan manomi da ɗan kasuwa da shi? Ruwansu kuwa babba ne. Manomin da ya sayi buhun yuriya ya ga an rubuta 46 a jikinsa, ɗansa na sakandare ya kamata ya iya gaya masa asalin wannan adadi: nauyin molekul ɗin yuriya 60 ne, 28 daga ciki naitirojin ce, watau kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari, don haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kimanin kilo 23 na abin da shuka take nema, kuma duk wanda ya ce yana da yuriya mai kashi 60 maƙaryaci ne, domin fomula ba ta yarda ba. Mafi muni kuma shi ne abin da ya auku a ƙasar Sin a 2008. Hanyar da aka saba gwada furotin a madara, wadda Kjeldahl ɗan Denmak ya ƙirƙiro a 1883, ba furotin take aunawa kai tsaye ba, naitirojin take aunawa, a ninka da wani adadi sananne, domin furotin kusan kashi 16 cikin ɗari naitirojin ne. Wasu masu algus suka lura cewa melamin, sinadarin da ake yin kwanukan roba da shi, fomularsa C₃H₆N₆ ce, kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin, sai suka tsarma madara da ruwa suka zuba shi, awo ya nuna furotin ya cika. Bisa alƙaluman hukumomin ƙasar, jarirai kimanin 300,000 suka kamu da ciwo, akasari na ƙoda, shida suka rasu. Maha'intan sun san hisabin sarai, kuma sun san cewa gwajin nisba kawai yake dubawa. Al'ummar da take sayen madara da magani da taki daga ko'ina cikin duniya tana bukatar 'ya'yan da suka san wannan hisabi fiye da yadda maha'inci ya san shi.

Na san uzurin da malamai za su kawo, kuma ba na raina shi, domin mai koyar da yara masu yawa a aji guda, da manhaja mai tsawo da zango gajere, ga kuma ɗakin gwajin da ko dai babu shi ko kuwa yana kulle babu kome a ciki, yana da haƙƙin a saurare shi. Za su ce jarrabawa amsa take nema, ba dalili ba. Amma ko ta fuskar jarrabawar aka duba, wanda ya fahimta ya fi wanda ya haddace tsira, domin da zarar mai tambaya ya juya mas'ala, ya ba da nauyin ruwa da na iskar kabon a maimakon kashi cikin ɗari, ko ya kawo adadi mai rabi, mai hadda ya tsaya cik. Gwajin da ake bukata kuma ba mai tsada ba ne. Ƙaramin ma'auni mai batir, irin na masu sayar da zinariya, da ɗan kasko mai murfi, da zaren maganiziyam, da wuta, sun isa. A auna giram 2.4 na maganiziyam, a ƙone shi a cikin kaskon, a sake aunawa. Farar tokar da ta rage za ta doshi giram 4, ta fi abin da aka ƙone nauyi, kuma wannan kaɗai ya isa ya girgiza yaron da ya tashi da sanin cewa wuta rage abu take yi. Ƙarin giram 1.6 oksijin ce da aka ɗauko daga iska. A raba 2.4 da 24, a raba 1.6 da 16, kowanne ya ba da 0.1, watau ɗaya da ɗaya, MgO. A aikace ba za a sami 4 cif ba, domin wani hayaƙi zai tsere lokacin ɗaga murfi, kuma wannan giɓi yana da fa'ida mai girma, domin a nan ne yaro zai koyi bambance kuskuren awo, wanda ake yafewa a cike adadi, da rabi na haƙiƙa, wanda ba a cike shi sai dai a ninka.

Haka kuma ban ga aibi ba, sai ma alheri, idan malami ya fara warware dalilin da Hausa, harshen da yaro yake tunani da shi, ya tabbatar ya zauna masa, kafin ya koma harshen jarrabawa ya ɗora masa sunayen da za a tambaye shi. Mu mutane ne da suka gaji al'adar karatu wadda malami yake karanta matani da Larabci ya fassara shi kalma bayan kalma, ya yi sharhi, ya kawo misali, kuma ba wanda ya taɓa cewa wannan ya hana ɗalibai ƙwarewa a Larabci.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatun ilmi na jihohinmu da shugabannin makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu, da su tabbatar kowace sakandaren da ake koyar da kemistiri tana da ma'auni mai aiki da kayan wannan gwaji kafin zango mai zuwa, ƙungiyoyin iyaye da tsofaffin ɗalibai kuma su ɗauki nauyin sayensu inda hukuma ta yi jinkiri. Ku kuma malamai, Allah Ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyarku, ina roƙonku kada ku rubuta matakan nan uku a allo sai bayan yaran sun auna, sun ƙone, sun sake aunawa da hannunsu.